Ku Tambayi Malam: Me Ɗan Kaduna Zai Yi Da Faransanci?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, wato koyon Faransanci, mai yiwuwa saboda lokacin ɗaukar ɗalibai ne a jami'o'i. Na zaɓi shida daga ciki, na rage musu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Ga wanda bai san ni ba, Faransanci na koyar a makarantun sakandare a nan Kaduna har na yi ritaya, a tsakani kuma na taɓa aikin tafinta ga 'yan kasuwa masu zuwa Kotonu da Maraɗi. Ke nan ina da ɓangare a maganar, sai ku auna abin da zan faɗa da wannan.

Malam, ina gaisuwa. 'Yata ta nemi karatun lauya, sai jami'a ta ba ta Faransanci. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, uwarta kuma ta ce gara ta zauna ta sake rubuta JAMB. Ni direba ne, ban yi boko mai zurfi ba. Don Allah, in ta gama wannan karatun wane aiki za ta yi ban da koyarwa?
*Wani uba daga Rigasa*

Malam direba, Allah ya yi wa yarinya albarka. Ka fara lallashinta ta ci abinci, abin da aka ba ta bai kai na kuka ba.

Kai da ke kan hanya ka fi ni sanin cewa Maraɗi ta fi Legas kusa da Rigasa. Ƙasashe huɗu ne suka kewaye mu ta tudu: Benin a yamma, Nijar a arewa, Chadi a arewa maso gabas, Kamaru a gabas. Duk cikinsu babu inda ba a aikin ofis da Faransanci. Chadi ta haɗa shi da Larabci, Kamaru ta haɗa shi da Ingilishi, amma ko a Kamarun yankuna takwas cikin goma na masu Faransanci ne. Mu ne muke zaune a tsakiya muna yi wa mai koyonsa kallon wanda ya rasa abin yi.

To, ina aikin yake? In ta hau jirgin ƙasa a tasharku ta Rigasa, garin da zai sauke ta, wato Abuja, nan ne hedikwatar ECOWAS, da majalisarta, da kotunta. An kafa ƙungiyar a Legas a 1975, kuma da harsuna uku take aiki: Ingilishi, Faransanci da harshen Fotugal. Duk taron da za a yi sai an zaunar da tafintoci a ɗan ɗakin gilashi a bayan zaure, duk takardar da za a fitar sai an fassara ta. Bankin Raya Afirka yana Abidjan. Ɗan Najeriya, Akinwumi Adesina, ya shugabance shi daga 2015 zuwa 2025, kuma in ta kama da bakinsa yake jawabi da Faransanci. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana Njamena, can ne kuma hedikwatar rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram. A Majalisar Ɗinkin Duniya harsuna shida ne na hukuma, amma biyu ne sakatariya ke aikin yau da kullum da su, Ingilishi da Faransanci.

Bar ma manyan nan. Bankin UBA yana da rassa a Kotonu, Dakar, Duwala da Njamena. Dangote yana da masana'antar siminti a Senegal da Kamaru. Yawancin ƙungiyoyin agajin da ke aiki a Maiduguri su ne dai ke aiki a Diffa ta Nijar da Marwa ta Kamaru, kuma ma'aikacin da ke jin harsunan biyu shi ake ɗauka a tsallaka iyaka da shi. Ga kwastan, ga hukumar shige da fice, ga ma'aikatar harkokin waje.

Yanzu ga ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Na sha zama cikin masu tantance sababbin malamai, a shigo da mai digirin Faransanci, in ce ya ba ni labarin yadda ya taho daga gida da safen nan, sai ka ga zufa. Irin wannan ba ECOWAS ba, ko firamare mai zaman kanta ba za ta riƙe shi ba. Don haka sharaɗi na farko shi ne yarinyar ta fito tana magana. A aji uku akan tura su ƙauyen koyon Faransanci da ke Badagry a jihar Legas, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 don ya tsaya a madadin shekarar da ɗalibai kan je su yi a ƙasar waje. Ta riƙe wannan zaman da hannu biyu. Kada ta je ta nemo 'yan Kaduna su kafa majalisar Hausa a ɗakin kwana, yadda na ga wasu ɗalibaina sun yi, suka dawo kamar yadda suka tafi.

Sharaɗi na biyu, ta ɗora wata sana'a a kai. Harshe shi kaɗai koyarwa da fassara yake kai mutum. In an haɗa shi da akanta, ko aikin jarida, ko shari'a, sai ya kai shi wuraren da na lissafa. Tunda kuwa lauya take so, ga abin da ba kasafai ake gaya wa yaranmu ba. Ƙasashen Afirka 17, ciki har da maƙwabtanmu huɗun nan, dokar kasuwanci iri ɗaya suke bi, ana kiranta OHADA. An sa wa yarjejeniyar hannu a 1993, kotunta kuma tana Abidjan. Kamfanin Najeriya da zai buɗe reshe a Kotonu ko Yamai yana buƙatar lauyan da zai karanta masa wannan doka a harshenta. Lauyoyi sun cika gari, amma mai iya wannan sai an yi cigiya. Wanda ya gama digirin farko yana iya neman shiga karatun lauya daga aji biyu. Shekaru za su ƙaru, kuɗi ma haka, wannan kai za ka auna aljihunka.

Ita kuma koyarwar kada a raina ta, ita ta ciyar da ni da iyalina. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, daga baya aka sa shi cikin manufar ilimi ta ƙasa. Maganar ta fi ƙarfi a takarda, domin malaman ba su taɓa isa ba. Wannan rashin shi ya sa malama mai iya magana ba ta daɗewa tana neman aji. In ni ne kai, zan ce ta karɓa.

Malam, da girmanka. Na ji ana ta cewa 'yan kasuwa su koyi Faransanci, ni ban ga dalili ba. Shadda da atamfa nake sayarwa a Kasuwar Barci, shekara da shekaru ina zuwa Kotonu da Lome da Maraɗi, da Hausa nake cinikina, ban taɓa kwana da yunwa ba. Yanzu ma ga Nijar ta kori sojojin Faransa, ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Abin da masu shi ke zubarwa, mu ne za mu tsinta?
*Wani Alhaji daga Tudun Wada*

Ranka ya daɗe, rabin maganarka babu mai ja. Bahaushe yana sauka Zangon Kotonu, ko Zangon Lome, ko unguwar Briketeri a Yawunde, ya sami masauki, ya sami tuwo, ya sami dillali, bai furta kalmar Bature ko ɗaya ba. Kakanninmu fatake sun share mana wannan hanya tun kafin a ja iyaka.

Amma ka tuna inda Hausar take tsayawa. Tana tsayawa ne a lokacin da aka miƙo takarda. Takardar duwan, wato kwastan ɗinsu, takardar fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, yarjejeniyar hayar sito, fom ɗin banki, sammacin jandarma, takardar likita in ciwo ya kama ka a can. A wannan lokacin wani ne ke karanta maka, kai kuma ka sa hannu. Na yi wannan aikin, na san girman abin da ake damƙa wa mai karantawa. Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da ya sa hannu a takardar ajiyar kaya yana ɗauka rasit ne kawai. A ƙasanta akwai layi biyu da suka ce in kaya suka wuce wa'adi kuɗin ajiya zai riƙa hawa kullum. Wanda ya raka shi bai karanta masa wurin ba, ko don sauri ko don wani abu, Allah masani. Ribar tafiyar gaba ɗaya a sito ta ƙare. Za ka ce yanzu waya tana fassara. Tana yi, ni ma ina amfani da ita. Sai dai ba ta karanta rubutun hannun jami'in duwan yadda ya kamata, ba ta kuma jin abin da mutum biyu ke raɗawa a gabanka game da kayanka.

Ko lissafi kaɗai ya isa dalili. Bafaranshe ba shi da kalma guda ta saba'in, sittin da goma yake cewa. Tamanin kuwa ashirin huɗu ce, casa'in ashirin huɗu da goma. In aka ce maka *quatre-vingt-dix-sept*, 97 ke nan, amma sabon kunne huɗu zai fara ji, sai ashirin, sai goma, sai bakwai. A rubuce ma akwai tarko: waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, don haka 1,5 ɗaya da rabi ne, 1.500 kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar. Kai da ka iya lissafin Maraɗi, inda sefa ɗari take dala ashirin, dubu kuma jikka, wannan ba zai gagare ka ba. (Tunda an zo kan kuɗi: sefar Nijar, Benin da Togo daban take da ta Chadi da Kamaru. Darajarsu ɗaya, kowacce kusan 656 a kan yuro guda, amma takardar wannan ɓangare ba ta ciniki a wancan sai an canza.)

Sai maganar siyasa. Gaskiya ne, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a Disambar shekarar. A Maris ɗin 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma a watan ne sabon kundin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta fitar ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Na yi murna da wannan kamar kowane Bahaushe. Amma a karanta layin da ke biye: kundin ya ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Shi kansa kundin da Faransanci aka rubuta shi. Mali ma a tsarin mulkinta na 2023 haka ta yi, ta sauke shi daga harshen hukuma zuwa harshen aiki. In Tiani ya zauna da Assimi Goita na Mali da Ibrahim Traore na Burkina, da wane harshe kake jin suke shawara? Fitar da soja wata kaɗan ya ɗauka. Sauya harshen kotu, da littattafan makaranta, da takardun filaye, da sunayen magunguna, wannan aikin shekaru ne masu yawa. Kotonu da Lome kuwa, inda atamfarka take, ba su sauya komai ba.

Sannan su wane ne masu shi ɗin? Ƙididdigar ƙungiyar masu Faransanci ta 2022 ta ce mutum miliyan 321 ke jin harshen a duniya, kuma mafi yawan masu amfani da shi kullum a Afirka suke. Ana iya ƙin siyasar Faransa a kuma yi ciniki da mutumin Abidjan ko Kinshasa. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Ranar da ya fara ɗaukar kaya, takardun da za su biyo shi harshe biyu za su zo da shi.

Ba digiri nake ce ka yi ba, Alhaji. Lambobi, ranaku, gaisuwa, da karanta fom, su kake buƙata. In kuma ka ce kai ka wuce zama a aji, yaron da ke tsare maka shago bai wuce ba.

Baba Malam, ni nas ce a wani asibiti a Barnawa. A WhatsApp an ce in mutum ya yi wata uku yana koyon Faransanci ana ba shi takardar zama a Kanada. Wani ma ya ce in kawo kuɗi ya haɗa mini satifiket. Gaskiya ne?
*Wata 'yarka daga Barnawa*

'Yata, riƙe kuɗinki.

Ga gaskiyar da ke ciki. Kanada harsuna biyu gare ta a hukumance tun dokar 1969, kuma tana son ƙara yawan masu Faransanci a wajen lardin Kebek. A tsarinta na zaɓar ƙwararrun baƙi da ake kira Express Entry, mai jin Faransanci yana samun ƙarin maki, har 50 in ya haɗa da Ingilishi mai kyau. Tun 2023 kuma ana ware zagaye na musamman don masu Faransanci kaɗai, inda makin da ake yankewa yakan yi ƙasa da na sauran. Wannan ne ya sa azuzuwan Faransanci suka cika da ma'aikatan jinya da injiniyoyi.

Ga kuma abin da masu tura saƙon suka ɓoye. Ana son ki kai mataki na 7 a ma'auninsu a fannoni huɗu: ji, magana, karatu da rubutu. Wannan ya yi kusa da matakin da ake kira B2, wato ki iya sauraron muhawara a rediyo ki gane, ki kuma rubuta ra'ayinki da hujja. In uku suka yi kyau ɗaya ya gaza, ba ki kai ba. Mai aikin kwana a asibiti da ta fara daga babu ba za ta kai nan a wata uku ba. Ki sa shekara guda zuwa biyu a ranki, da karatun kullum. Jarrabawa biyu kaɗai suke karɓa a wannan tsari, TEF Canada da TCF Canada, sakamakon kuma shekara biyu yake yi ya mutu. Takardar DELF, wadda ma'aikatar ilimin Faransa ke bayarwa, ba ta mutuwa, tana da amfani wajen neman aiki da karatu, amma ba ita ake nema a nan ba. Kada ki biya kuɗin wata ki ce wata kika yi. Shi kuma mai haɗa satifiket, hukumar shige da ficen Kanada tana tantance sakamako, kuma wanda aka kama da takardar bogi ana hana shi nema har shekara biyar.

Abu na ƙarshe: takardar zama daban, lasin aikin jinya daban, kowane lardi da hukumarsa. Ƙa'idojin suna sauyawa, don haka a shafin gwamnatin Kanada za ki riƙa dubawa, ba a zauren WhatsApp ba.

Malam, makarantar su ɗana ta sa Faransanci dole. Ni ina ganin Larabci ya fi masa amfani duniya da lahira. Kuma ba Faransa ce ta hana 'yan mata sa hijabi a makaranta ba?
*Wata uwa daga Unguwar Sanusi*

Hajiya, ita ce. Dokar 2004 ta hana sa alamomin addini da suka fito fili a makarantun gwamnati, a 2010 kuma aka hana rufe fuska a bainar jama'a. Ba zan wanke su ba. Amma yaronki harshe zai koya, ba dokar ƙasarsu ba. Senegal, Mali, Nijar, Gini, Maroko, duk ƙasashe ne da Musulmi suka fi yawa, kuma malamansu da likitocinsu suna aiki da shi. Masu zuwa Maulidi Kaulaha ko ziyara Fas za su gaya miki yadda ake fama a kan iyaka da filin jirgi in babu mai ji a cikin ayari. Sananne ne kuma cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bn Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu.

Larabci na gaba, ban musa ba, kada a taɓa masa lokacin Islamiyya. Sai dai ba kishiyoyi ba ne. Yaran Njamena suna tashi da Larabci da Faransanci da harshen gida, kansu bai fashe ba. A ajina ma, yaran da suka yi nahawu su ne kan riga kowa gane yadda aikatau ke sauyawa.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu mu kanmu. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906 su suka tsaga ƙasar Hausa biyu. Katsina ta faɗo nan, Maraɗi ta faɗa can, Gobirawan Sabon Birni nan, na Tsibiri can. Damagaram ita ce ma hedikwatar mulkin mallakar Nijar har 1926. Wanda ya shiga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, ko Gidan Arewa, abin da Ingilishi suka rubuta zai tarar. Ɗaya rabin, har da labarin ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da suka ƙona garuruwa a 1899 suka kuma gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, yana Yamai da Dakar da Faransa, cikin Faransanci. Ina son in ga yaranmu suna karanta shi da idonsu.

Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa hamsin. Sha'awa kawai nake yi, kuma ina tunanin abin yi bayan ritaya. Kai zai ɗauka kuwa? A ina zan fara a Kaduna ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?
*Wani ƙaninka daga Kawo*

Ƙanena, zai ɗauka. Lafazinka ba zai zama na yaron da ya tashi a Kotonu ba, amma babu mai neman wannan a wurinka. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi, ya san dalilin zamansa a aji.

Kana kuma shigowa da jari uku. Na farko Ingilishinka: tun da Normandawan arewacin Faransa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka kwarara cikinsa, har ana ƙiyasta sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka shafin jarida ba zai zo maka baƙo gaba ɗaya ba. Na biyu Hausarka. Abin da ke wahalar da mai Ingilishi zalla shi ne a ce masa tebur mace ne, littafi namiji. Mu kuwa da haka muka tashi. Sai dai kada ka ɗauka jinsin zai zo daidai da namu: a wurinmu rana mace ce, wata namiji, a wurinsu akasin haka. Yadda muke ce wa babba "ku", haka suke ce masa *vous*. Na uku makarantar allo. Harafin r ɗinsu da ke ba mutane tsoro daga maƙogwaro yake fita, kusa da gainun ɗin Larabci. Da na gaya wa ɗalibai haka sai ka ga an huta.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe daban ne. Mu ba mu raba p da f, su kuwa suna rabawa: *pain* burodi ne, *faim* yunwa. Akwai wasulan da ake fitarwa ta hanci. Akwai haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa, shi ya sa wanda ya koya daga littafi kaɗai yake karatu da kyau, amma in an yi masa magana sai ya yi zuru. Aikatau kuma sai an yi hadda, babu wata dabara.

Game da lokaci, cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sa Faransanci cikin rukuni mafi sauƙi ga mai Ingilishi, ta kuma ƙiyasta masa awa 600 zuwa 750 na aji. Ka raba wannan da awa ɗaya a rana ka ga inda ya kai ka. Rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar.

A Kaduna akwai reshen Alliance Française, ƙungiyar da aka kafa a Paris a 1883 don koyar da harshen. Ka je da ƙafarka ka tambayi jadawali da kuɗi. Jami'ar Jihar Kaduna da ABU Zariya suna da sashen Faransanci, kuma ɗaliban ajin ƙarshe da yawa za su so ɗan abin sawa a aljihu su zauna da kai da yamma. Ga wata dabara da nake ba manya: ka saurari labarai a sashen Hausa na RFI, wanda ya fara aiki a 2007, sannan ka saurari shirinsu na labarai cikin sauƙaƙan Faransanci, *Journal en français facile*, wanda ake sawa a intanet tare da rubutunsa. Tunda ka riga ka san labarin, kunne zai riƙa tsintar kalmomi. Manhajojin waya irin su Duolingo suna tara wa mutum kalmomi, amma ba sa buɗe baki.

Mai buɗe baki yana unguwarku. Masu sa tayil da masu aikin silin da suka zo daga Benin da Togo, teloli, da 'yan Nijar da suka yi lakwal, wato bokon can, duk malamai ne da ba a biya. Ka gaishe su da harshen, su yi maka dariya, su gyara maka. Garin nan ma ba yau ya fara jin Faransanci ba. Tun 1975 da aka fara haɗa Pijo a Kakuri akwai Faransawa a nan, kuma na san tsofaffin makanikai da suka tsinci abin da suka tsinta a bakin injin, ba su taɓa zama a aji ba.

Bayan ritaya kuwa, darasin gida ga yaran da za su rubuta Faransanci a WAEC yana nan, rakiyar 'yan kasuwa ma tana nan. Ka yi jarrabawar DELF mataki mataki, daga A1, don ka sami abin nunawa.

Malam, an ce in je Kotonu in yi digiri, in dawo da digiri da Faransanci a lokaci guda. Me ka gani?
*Wani ɗalibi daga Unguwar Mu'azu*

Ɗana, ka bi a hankali. Da yawa daga makarantu masu zaman kansu da ke farautar 'yan Najeriya a can da Ingilishi suke koyarwa, ɗalibai kuma a junansu suke zama, sai mutum ya dawo bai wuce gaisuwa ba. A Disambar 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga Kotonu cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i takwas kaɗai ta amince da su, biyar a Benin, uku a Togo. Kafin mahaifinka ya biya ko sisi, ka tabbatar da matsayin makarantar a ma'aikatar ilimi ta tarayya.

In karatu da Faransanci kake so da gaske, akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, akwai jami'o'in Maroko inda ake koyar da likitanci da injiniyanci da shi. Faransa kanta ta ofishin Campus France ake nema. A 2019 ta ƙayyade wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati, yuro 2,770 a shekara don digirin farko, 3,770 don na biyu, an kuma ɗan ƙara daga baya, ban da kuɗin ɗaki da abinci. Yawancin kwasa-kwasan da ake koyarwa da Faransanci B2 suke nema, don haka ka fara tara shi tun kana Unguwar Mu'azu.